Ƙusar da Ta Yi Tsawo

Gyaran keken ɗinki ne sana'ar Mijinyawa, kuma da ita aka san shi a unguwar Bukoki, cikin Yamai. Rumfarsa ta kwano tana jingine da katangar gidan da suke zaune, a bakin wani lungu da ruwa ke kwanciya duk damina. Teloli ne masu kawo masa aiki. In babu keke ya gyara kwaɗo, ko sikelin mahauta, ko injin markaɗe. Can ba a rasa ba wani tsohon maharbi ya kawo masa bindigar farauta mai takarda, don mutane sun san ubansa maƙeri ne a Tawa, kuma ya tashi yana ganin yadda ake buɗe irinsu.

Wata rana bayan azahar, hadari ya haɗu ya ƙi zubowa, taksin Habibu ya tsaya a bakin lungun. Habibu ƙanin matarsa Kande ne, direba, yana zaune a Saga, can bakin kogi, da iyalinsa. A da in ya zo, tun daga nesa yake fara tsiya: "Ina tsohon nan mai kekuna? Har yanzu yana nan da rai?" Mijinyawa kuma ya kira shi sarkin ramuka, wanda bai taɓa ganin rami a titi ya kauce ba. Amma tun farkon damina wasan ya mutu. Ɓarayin shanu sun shiga ƙauyensu Kande, can kudu da Maraɗi wajen iyaka, suka kore garken gidan, suka harbe yayansu Isma'ila da ya fito da sanda a hannu. Duka sun je gaisuwa sun dawo. Kande ta yi kukanta a fili har ta gaji. Habibu bai yi kuka ba, magana kawai ya daina.

Ya buɗe bayan mota ya ɗauko wani abu dogo naɗe cikin tabarma. Ya yi sallama, ya shigo rumfa, ya ajiye a kan tebur tsakanin kawunan kekuna.

Mijinyawa ya kwance tabarmar. Bindiga ce mai baki ɗaya, tsohuwa. Ya gane ta. Rataye take a ɗakin surukinsa ranar da ya fara zuwa neman Kande, kuma ya tuna yadda ya riƙa kallonta don ya kasa kallon fuskar tsohon. Ya karya ta ya leƙa ciki, ya tabbata babu harsashi, sannan ya juya ta. Ƙotar ta tsage tun daga wuya har gindi, an naɗe ta da robar tayar keke. Ƙusar da ke riƙe ƙota da jikin ƙarfe ta ɓata, wani ya cusa guntun ƙarfe a madadinta. Da ya ɗan girgiza, ƙotar ta yi lilo kamar haƙorin da zai fita.

"Ta Baba ce," in ji Habibu. "Takardarta na wurina. Ƙota nake so ka yi mata, Yaya."

"Me za ka harba a Yamai?"

"Dorina ce ke shiga shinkafar surukaina. Ƙara kawai za a yi mata, a sama, ta koma ruwa."

Ba ƙarya ba ne dorinai kan fito su yi ɓarna a gonakin bakin kogi, kowa ya sani. Amma Habibu ƙasa yake kallo lokacin da yake faɗa. Mijinyawa ya ce ya bar ta, zai duba.

"Ba za ka shiga ka gaida yayarka ba?"

"Na bar fasinja a mota," in ji Habibu. Babu kowa a motar.

Mijinyawa ya samu guntun katakon maɗaci wurin wani kafinta, ragowar ƙofa. Tsakanin keke da keke yake ɗaukar sa, ya sassaƙa, ya goge, ya gwada a kafaɗarsa, ya sake sassaƙawa. Aikin ya ɗauki kwanaki, kuma ya yi kyau, shi kansa ya sani. Sai maganar ƙusa ta taso. Ba ƙusar bugawa ba ce, mai zare ce, irin da masu garaji ke ce wa bis. Tana shiga ta cikin ƙota, ta murɗu cikin wani rami a jikin ƙarfen bindigar. Zaren ramin nan irin na da ne. Ya zazzage gwangwanayensa duka a kan buhu, ya gwada ɗaya bayan ɗaya, kowace ta shiga kaɗan ta cije. Bai matsa wa ko ɗaya ba, don in zaren ramin ya ci, babu abin da zai sake riƙe ƙota a jikin bindigar.

Ba a yawo da bindiga a kasuwa. Sai ya fiƙe wani ɗan icce mai laushi, ya murɗa shi cikin ramin a hankali, ya warware. Zaren ya fito a jikin iccen sarai. Da shi ya shiga kasuwar Katako, ya bi rumfunan masu tsofaffin ƙarafa yana tsallake taɓo, yana kara kowace ƙusa da iccen. Ranar farko bai samu ba. Da ya koma, wani dattijo mai kwance tsofaffin injinan ban ruwa ya tura masa wata roba cike da tsatsa, ya ce ya tona da kansa. A can ƙasa ya same ta, da notinta maƙale a jiki. Ya tona har ƙarshen robar ko zai samu ta biyu. Babu.

A rumfa ya jiƙa ta da kananzir, ya goge, ya gwada. Ta shiga sumul, sai dai ta yi tsawo da kusan gaɓar ɗan yatsa. In ya murɗa ta har ƙarshe, bakinta na tokarar ƙarfen da ke motsa kunama a ciki, kuma duk da haka ƙotar ba ta kama ba. Dole a rage ta.

Yana juya ta a hannu Kande ta fito da kwanon abinci. Ta ajiye, amma ba ta koma ba. Ta zauna a bencin da teloli ke jira, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, ka san ba dorina ba ce."

"Abin da ya faɗa mini ke nan."

"Na yi waya da gida. Samarin gari sun haɗa kai suna gadi, kowa da abin da ya samu. Habibu ya ce musu yana nan tafe. Ya riga ya gaya wa mai taksin da yake ja ya nemi wani direba."

Mijinyawa ya ci gaba da juya ƙusar. Ya sani tun ranar, bai dai so ya ji da kunnensa ba.

Ta dubi abin da ke hannunsa. "Ita ce ka yi ta wahalar nema?"

"Ita ce."

"Guda nawa ka samu?"

"Ita kaɗai."

"In ta lalace fa?"

"Sai a sake shiga kasuwa. Ƙila a samu, ƙila ba za a samu ba."

"To ta lalace mana."

Ya ɗago ya dube ta. Idonta a bushe yake, muryarta ba ta rawa.

"Wa zai sani?" ta ce. "Zarto ya goce, shi ke nan. Hannun kowa na gocewa. Ka ce masa ka yi iya ƙoƙarinka."

"Kande, mutum ya ba ni amana."

"Ni ma amana ce a hannunka. An kashe mini ɗaya. Shi kaɗai ne namijin da ya rage a gidanmu. Habibu da ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kawar da kai, shi ne zai tsaya gaban mutanen da suka zo a kan babura? Ban taɓa sa baki a aikinka ba tun da ka kawo ni garin nan. Yau na roƙe ka."

Ta tashi ta shiga gida. Abincin ya huce a inda ta ajiye shi.

Washegari da safe bai buɗe rumfa ba. Ya sa ƙusar a aljihu, ya hau motar haya ta faba-faba zuwa Saga, da niyyar ya zaunar da Habibu su yi magana ta maza. Kogi ya cika ya yi ja, shinkafa ta yi kore shar har inda ido ya tsaya, mata na tafe a kan gaɓa da kwanoni a ka. Bai samu Habibu ba. Matarsa Zeinabu ya tarar tana shanya shinkafar da ta turara a kan leda. Bazabarma ce, a nan Saga aka haife ta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa suka gaisa.

"Dorina ta dame ku bana?" ya tambaya.

"Bana ba ta zo ta wajenmu ba, Yaya." Ta gane abin da yake tambaya, ba ta kuma ɓoye ba. "Gida zai tafi. Ya gaya mini."

"Ke kuma kin yarda?"

"An tambaye ni ne?" Ta kori wata kaza daga kan shinkafar. "Na yi kuka, na kira babana ya yi masa magana. Habibu ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gode. Ya ce mini in kun ƙi gyara bindigar, haka zai ɗauke ta da robarta."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Kuma zai yi. Yaya, ni ba na so ya tafi. Amma wanda ke kwana a ɗakin nan ma ba Habibu ba ne. Yana ɗaukar fasinja ya wuce da su inda za su sauka, sai sun buga masa kujera. In na sa abinci ya zauna yana kallon kwano. Ɗiyarsa ta daina zuwa wurinsa. Tafiyar da zaman, ban san wanne ya fi ba."

A hanyar komawa Mijinyawa bai ji hayaniyar motar ba. Robar tayar nan da aka naɗe ƙota da ita yake gani. Ya san abin da bindiga ke yi in ƙotarta ba ta kama ba: tana tsalle daga hannu, ta daki mai ita a fuska, harbin ya tafi inda ya ga dama. In ya ɓata ƙusar, Habibu ba zai fasa ba, zai dai tafi da abin da zai cuce shi tun kafin wani ya cuce shi. In kuma ya gyara, shi ne ya sa masa ita a hannu. Ya juya maganar ta kowane gefe har suka iso Bukoki, bai samu gefen da ke da daɗi ba.

Bayan la'asar ya share tebur. Ya sa ƙusar cikin ƙota, ya auna abin da ya yi yawa, ya yi ɗan zane da gefen magagari a daidai wurin. Sannan ya murɗa notin a jikinta, ya wuce da shi har bayan zanen, ta wajen kai. Haka ubansa ya koya masa: ba a yanka ƙusa mai zare sai da noti a jiki, don zarto na danne zaren bakin, kuma notin ne zai miƙe shi in ya zo fita. Ya naɗe kan ƙusar da guntun fata don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, ya damƙe ta a bakin eto, ƙarfen matse aiki da ke jikin tebur, ya ɗaure tamau. Ya sa sabon haƙori a zarton.

Kande na tsaye a ƙofar gida, hannunta ɗaya a jikin katanga. Bai juya ba, amma ya san tana nan.

Ya ɗora zarto a kan zanen, ya kara babban yatsansa a gefe, ya ja baya sau ɗaya a hankali don haƙorin ya samu wurin zama. Ya fara yanka. Ƙarfen tsoho ne mai tauri, yana ba da ƙara siririya. Da ya kai rabi sai ya tsaya.

Abu ne mai sauƙi. In ya so, sai ya karkata hannu kaɗan, haƙorin ya hau kan zare ya kwashe shi. Ko ya matsa baya ya sake sabon yanka, ta yi gajarta, ta kasa kai wa ramin. Habibu direba ne, ba zai taɓa gane bambancin ganganci da kuskure ba. Wani mai kabu-kabu ya wuce ta lungun ya watsa ruwa a jikin kwanon rumfar. Mijinyawa ya tsaya haka, zarto a cikin ƙarfe, har hannunsa ya fara sanyi.

Sai ya ci gaba, a miƙe.

Da ya kusa ƙarshe ya sassauta hannu don kada guntun ya karye ya ja zare. Guntun ya faɗi da kansa. Ya ɗauki magagari ya daidaita bakin ya zama shafe, sannan ya kwance ƙusar daga eto, ya riƙa juya ta da yatsu yana shafa gefen bakin, har kaifin ya kwanta ya yi ɗan gangare kewaye. Ya ɗiga man keke. Ya fara warware notin. Ya zo sumul har bakin, nan ya ɗan cije. Bai tilasta ba. Ya mayar da shi baya, ya sake kawowa, ya mayar, ya sake kawowa, har ya fita ya faɗo a tafin hannunsa. Ya shafa bakin da yatsa. Babu abin da ya kama fata.

Ya haɗa ƙota da ƙarfe, ya saka ƙusar, ya murɗa da yatsu kawai. Ta shiga ba gardama. Sai a ƙarshe ya sa turnabis, ƙarfen murɗa ƙusa, ya ɗaure. Ya girgiza bindigar, ya buga gindinta da tafin hannu. Ƙota da ƙarfe sun zama abu guda. Ya gwada kunamar, babu abin da ke tokare ta.

Da ya juya, babu kowa a ƙofar gidan.

Habibu ya zo ɗauka da safe, a ƙasa, don ya riga ya mayar da mota. Ya ɗaga bindigar ya kara a kafaɗa, ya shafa sabuwar ƙotar. Fuskarsa ta ɗan saki, karo na farko tun rasuwar.

"Allah ya saka, Yaya."

"Zauna," in ji Mijinyawa. "Na je Saga. Babu dorina."

Habibu ya zauna. Bai yi musu ba.

"Kana da mata, kana da ɗiya. Kai direba ne. Rabonka da harbi tun kana bin Baba farautar zabi."

"Inna ba ta kwana a ɗaki," in ji Habibu. "Da magariba take kwashe ƴaƴan Yaya Isma'ila su shiga cikin gero, sai gari ya waye su fito. Tsohuwa, da ciwon ƙafa. Ni kuma ina nan ina ɗaukar mutane daga kasuwa zuwa kasuwa."

"A kawo ta nan. Ga ɗaki, mu matsa."

"Na faɗa mata. Ta ce ba ta barin gonar, ba ta barin inda aka binne mata miji da ɗa. Ka san ta."

Mijinyawa ya san ta.

Kande ta fito da ƙunshi a hannu, gari ne da ƙuli-ƙuli da ɗan magani na ƙafar Inna. Ta miƙa wa ƙaninta ba tare da ta dubi abin da ke kan tebur ba.

"Yaya Kande, ki yafe mini."

"Ka gaida Inna," ta ce. Ta kama hannun rigarsa, ta riƙe kamar za ta ƙara wani abu, sai ta saki ta koma ciki. Habibu ya naɗe tabarmarsa ya fita.

Daga ranar gidan ya yi sanyi. Kande ba ta fasa komai ba. Tana dafawa, tana wanki, tana kai masa ruwan alwala, tana amsa gaisuwa. Amma hirar da suke yi bayan isha ta ƙare, kuma ba ta sake zama a bencin rumfa ba. In Habibu ya kira, takan shiga ɗaki da wayar, in ta fito ta ce, "Suna lafiya," shi ke nan. Mijinyawa ya yi ta jira ta yi masa faɗa ko sau ɗaya, ya samu abin amsawa. Ba ta yi ba.

Gero ya fitar da kai lokacin da kiran ya zo. Da hantsi ne, yana kwance kan wani keke. Ya ji wayarta ta yi ƙara a tsakar gida, ya ji ta ce "Na'am, Kawu," sai shiru mai tsawo. Ta fito ba mayafi, ta miƙa masa wayar, ta zauna a ƙasa a bakin rumfar.

Kawunsu ne, ƙanin Inna. Mijinyawa ya riga ya fara salati a zuci.

"Habibu na da rai," in ji tsohon. "Ka ji ni? Yana da rai. Amma an yi ɓarna."

Da asuba ne, raɓa ta sauka, gari bai gama wayewa ba. Habibu na gadi a gefen gonakin gabas. An kwana ana jita-jitar an ga babura a ƙauyen da ke gaba. Ya ji motsi cikin gero, wani abu na tahowa da sauri yana karya kara. Ya yi magana, ba a amsa ba, ko an amsa bai ji ba. Ya harba. Abdoulkarim ne, maƙwabcinsu, abokin Isma'ila tun suna yara, wanda ya haƙa masa kabari da hannunsa. Jakinsa ne ya tsinke igiya ya shiga gonar mutane, ya bi shi don ya fitar kafin ya yi ɓarna. An ɗora shi a amalanke, bai kai likita ba. Habibu ya zauna a inda abin ya faru, bai motsa ba har jandarmomi suka zo, ya miƙa musu bindigar da kansa. An tafi da shi Maraɗi.

Mijinyawa ya ajiye wayar a kan tebur. Ya dubi Kande. Ya shirya jin duk abin da za ta ce.

"Haoua ce matar Abdoulkarim," ta ce, tana kallon ruwan lungu. "Tare muke zuwa rijiya muna ƴan mata. Ni na yi mata lalle ranar aurenta." "Da wane ido zan shiga gidanta?"

Washegari suka hau motar Maraɗi. Zeinabu ta rako su tasha da ɗiyarta a baya, ta ba da riguna biyu da sabulu a kai wa Habibu. Ta ce ba za ta iya zuwa ba tukuna, in ta gan shi ba ta san abin da bakinta zai faɗa ba. Tafiyar yini ce. Kande ta jingina kai da gilashi, ba ta ci komai ba sai ruwa.

A gidan kaso aka fito musu da shi wani ɗan fili mai benci. Ya rame, gemu ya fito masa a hargitse. Kande na ganin sa ta rufe fuska da mayafi. Ya durƙusa gabanta, ta ɗora hannu a kansa. Can ya juyo wurin Mijinyawa.

"Ban ga kowa ba, Yaya. Motsi kawai na ji. Da na isa wurin, ya dube ni ya kira sunana. Bai ma yi fushi ba. Ya ce, Habibu, jakina ne."

"Allah ya riga ya rubuta," in ji Mijinyawa. Maganar ta fito masa a bushe, shi kansa bai ji ta kama komai ba.

"Wa ke tsaron su Inna yanzu?"

Mai gadi ya ce lokaci ya yi.

Daga nan suka wuce ƙauye. Gidan Abdoulkarim katanga ɗaya ce tsakaninsa da na Inna. Maza na zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Mijinyawa ya cire takalmi ya zauna cikinsu, aka yi addu'a, aka shafa. Wani ya tambaya ko wane ne, aka ce mijin Kande ne, daga Yamai. Suka yi masa sannu da hanya. Babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda ya ambaci sunan Habibu. Yayan mamacin ya ce sun bar wa Allah, amma hukuma ta ce ita ba ta bari ba, sai an yi shari'a.

Kande ta daɗe tsaye a bakin zauren kafin ta shiga. Daga inda yake zaune ya ji kukan mata ya tashi a ciki, ya lafa, ya sake tashi. Da ta fito, idonta ya kumbura.

"Me ta ce?" ya tambaye ta a hanyar komawa gidan Inna.

"Ta rungume ni. Ta ce ƴaƴanta suna tambaya me ya sa Baba Habibu bai zo gaisuwa ba."

Inna ta tsufa a cikin ƴan watannin nan fiye da yadda ta tsufa a shekaru. Ba ta iya tashi sai an kama ta. Matar Isma'ila ta koma gidan iyayenta da ƙaramin, ta bar manyan. Da Mijinyawa ya fara haɗa jakarsa, Kande ta ce masa ita za ta tsaya, sai an yi girbi. Dole wani ya dafa wa yaran, wani kuma ya riƙa kai wa Habibu abinci Maraɗi ranar ziyara.

"Wurin nan ba lafiya, Kande."

"Na sani."

"In ce ki taho, za ki taho?"

"In ka ce, zan taho, Malam," ta ce. "Kada ka ce."

Bai ce ba. Ya koma Yamai shi kaɗai.

An yi girbi, an ɗaure dammuna, an kai rumbu. Kande ba ta dawo ba. Zeinabu ta kwashe kayanta ta koma ɗakin uwarta, ta ci gaba da turara shinkafa. Wani lokaci Mijinyawa kan je Saga ya gan su, yarinyar ta fara sabawa da shi. Ya koyi dafa shinkafa da wake a kan kurfotin gawayi, yakan ci rabi ya rufe rabi. Duk Juma'a bayan masallaci yakan kira Kande. Ta gaya masa yadda ƙafar Inna take, da wanda ya yi zazzaɓi cikin yaran, da ko an bar ta ta ga Habibu a wannan makon. Ya gaya mata an gyara magudanar lungu, ko mai gidan ya sake kwanon ɗaki. Sannan su yi shiru, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, har ɗaya ya ce sai wani jiƙon.

Har yanzu ba a sa ranar shari'a ba.